Zuwa Maraɗi a Dawo a Ranar: Inda Lissafin Ke Rushewa

Wata baiwar Allah daga Katsina ta aiko da tambaya, na ga ya dace a amsa ta a fili, domin kukanta kukan mutane da yawa ne cikin masu zirga-zirga tsakanin Najeriya da Nijar. Ga abin da ta ce a taƙaice:

"Malam, mun je suna Maraɗi ni da ƙanwata, ga goyo a baya, da niyyar mu dawo a ranar. Da safe a tasha aka ce mana akwai motar komawa ƙarfe huɗu. Uku da rabi muna tasha. Motar ba ta tashi ba sai bayan magariba, muka iso boda aka ce ba wucewa sai da safe. Sefar da muka canza ta ƙare, layina ba ya aiki a can, maigida yana ta nema bai same ni ba. A gidan wata tsohuwa muka kwana. Shin 'yan tasha ne suka yaudare mu? Kuma yaya zan yi nan gaba, tunda zumunci ba zai yanke ba?"

Hajiya, sannunku da hanya. Allah ya raya abin da aka samu, ya saka wa tsohuwar nan da alheri. Tambayarki ta farko amsarta gajera ce: da wuya a kira abin yaudara. Ɗan kamashon da ya ce miki ƙarfe huɗu, nufinsa shi ne wajen la'asar akan samu mota tana lodi. Ke kuma kin ɗauki maganar alƙawari, kika ɗora yininki gaba ɗaya a kanta. Tambaya ta biyun ce ke buƙatar zama, kuma gindinta guda ne: tafiyar yini ɗaya da ke tsallaka iyaka, daga dawowa ake fara lissafinta, a yo baya zuwa fita. Yawancinmu akasin haka muke yi. Mukan kwana muna shirin sammako, dawowa kuwa mu bar ta a "in an watse sai mu taso".

Me ya sa motar ba ta tashi ba

A tashoshinmu cika ce ke tayar da mota, agogo ba shi da ta cewa. Dalilin kuwa lissafi ne. Direba yana da kuɗin mai a wuyansa, ga balas ɗin da zai kai wa mai mota, ga kason ƙungiya da na 'yan kamasho, ga abin da yake saukewa a shingayen hanya. Kujerun farko duk waɗannan suke biya. Abin da zai kai wa iyalinsa yana cikin kujeru biyun ƙarshe. Tun da aka cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, kujera ɗaya babu kowa ta zama asarar da direba ba zai iya haɗiyewa ba. Ga kuma tsarin layi: motar da ke kan layi ita kaɗai ke lodi, na bayanta suna jira, don haka ko tasha cike take da motoci, ɗaya ce taki.

Saboda haka "saura mutum ɗaya" kirari ne na jawo fasinja, kada ki auna lokaci da shi. A wasu tashoshin har zaunar da mutane ake yi a cikin mota don mai zuwa ya ga kamar ta kusa cika, in fasinjan gaske ya shiga sai ɗaya ya zame ya fita. In kina son sanin gaskiyar lodi, ki duba bayan motar ki ƙirga kayan da aka ɗaure, ki kuma tambayi na kusa da ke ko ya biya da kuma tun yaushe yake zaune. Wanda ya ce miki tun azahar yake nan ya ba ki labarin da ya fi na ɗan kamasho amfani.

Abin da ke cika mota da sauri shi ne kasuwa. Mutane suna kwarara wajen kasuwa da safe, suna kwararowa daga gare ta da yamma, motoci kuma bin mutane suke yi. Maraɗi tana ci Litinin da Juma'a, Jibiya da Illela ranar Lahadi, Ƙonni ranar Laraba, Maigatari da Damagaram ranar Alhamis. Bakatsinen da ya nufi Maraɗi ranar Litinin yana tafiya tare da jama'a a zuwa da dawowa. Wanda ya je ranar Talata ko Asabar, da yamma zai iya zama sa'o'i a mota yana jiran mutum uku. Juma'a tana da nata tarko: daga wajen ƙarfe ɗaya zuwa uku tasha kusan tsayawa take yi, direba da ɗan kamasho da jami'in boda duk suna masallaci. Ranar kasuwa ma tana da kuɗinta, domin motar da aka laƙa wa buhuna da daurin atamfa ita ce ke daɗewa a hannun kwastam da duwan. In da zaɓi, ki shiga wadda kayanta ba su da yawa, ko da ta ɗan fi tsada.

Akwai kuma tambayar da mutane ba sa yi sai sun ga abin da idonsu: motar nan za ta tsallaka da mu ne, ko a boda za a juye mu? Motoci da yawa iyakarsu iyaka. Can za ki sauka, ki taka ko ki hau babur, ki sake shiga wani layin jira a ɗaya gefen. Kuɗin da kika biya a tashar farko ba lalle ya ɗauke ki har ƙarshe ba.

Masu tafiya da agogo

A Nijar akwai wani tsarin daban. Kamfanonin manyan motoci irin su Rimbo da STM da Sonef da Al Izza suna sayar da tikiti, suna da tashoshinsu na kansu, suna da lokacin tashi, yawanci da asuba. A wurin da mota ke farawa lokacin yakan tsaya, har wanda ya makara ya tarar an tafi, shi ya sa fasinjoji da yawa a tashar kamfanin suke kwana. Amma lokacin da aka rubuta wa garuruwan tsakiya ƙiyasi ne. Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa zuwa Damagaram ta kusa kilomita 900. Daga Yamai zuwa Ƙonni ya haura 400, zuwa Maraɗi ya haura 650. Motar da ta taso daga can tana ɗauke da duk jinkirin da ta tara a hanya: binciken jandarma, tsayawar salla, faci, ramuka. In aka ce miki tana isowa Maraɗi ƙarfe kaza, ki ji shi da kunnen "daga ƙarfe kaza zuwa abin da Allah ya yi".

Kuma ki lura, waɗannan motocin gabas da yamma suka fi bi. 'Yan gajerun hanyoyin da ke gangarowa kudu zuwa iyaka, wato Maraɗi zuwa Ɗan Issa da Jibiya, Ƙonni zuwa Illela, Matamai zuwa Kwangwalam da Daura, Gaya zuwa Kamba, yawanci ƙananan motocin da ke jiran cika ne ke yin su. Mafi yawan tafiye-tafiyen da ke lalacewa a wannan mahaɗar suke lalacewa. Mutum ya sayi tikitin motar da ke tashi da agogo a Ƙonni, amma motar da za ta kawo shi daga Sakkwato sai ta cika. Ko ya sauka daga babbar mota da magariba yana zaton zai tarar da ƙarama tana jiransa. Duk wanda zai haɗa iri biyun nan a tafiya ɗaya, ya bar rabin yini a tsakaninsu, ko ya bar dare guda.

Lissafin yini

Kuskuren da ya fi yawa shi ne auna tafiya da kilomita. Katsina zuwa Jibiya kimanin kilomita 45 ne, Jibiya zuwa Maraɗi kimanin 50. Duka bai kai 100 ba, sai mutum ya ce ai kamar zuwa ƙauye ne. Abin da ya kamata a ƙirga shi ne gaɓoɓin tafiyar: mota nawa za a shiga, ƙofa nawa za a tsaya.

Mu yi lissafin da sassauci. A ce gudun mota kaɗai, da tsaye-tsayen shingaye, sa'a 2 ne a zuwa, 2 a dawowa: 4 ke nan. In ana juyewa a boda, mota huɗu za ki shiga a yinin. Ba wa kowace minti 45 na jiran cika: sa'a 3. Ba wa jami'an ƙasashen biyu sa'a ɗaya a kowane tsallakawa: sa'a 2. Jimilla sa'a 9. Hasken rana a yankin nan wajen sa'a 12 ne. Rana tana faɗuwa kusan ƙarfe shida a Nuwamba da Disamba, kusan bakwai a Yuni da Yuli. Abin da ya rage miki na zama a Maraɗi sa'a 3 ne, kuma wannan in komai ya tafi daidai. In kin bar Katsina bakwai na safe, kin shiga gidan suna wajen sha ɗaya da rabi, to biyu da rabi ya kamata a ce kina tasha. Ƙarfe huɗun da aka faɗa miki, ko da motar ta tashi a kan lokaci, ya riga ya kai ki bakin duhu a hanyar Jibiya.

Sakkwato zuwa Ƙonni kusan wannan lissafin ne, sai dai da sauƙi kaɗan, domin Ƙonni tana dab da iyaka kuma babur yana ƙarasa da mutum daga Illela. Amma wanda zai taso daga Kano, ya ƙara kimanin kilomita 170 na hanyar Katsina sau biyu, da ƙarin mota biyu. Lissafinsa zai haura sa'a 15. A ganina Kano zuwa Maraɗi ko Damagaram a motar haya tafiyar kwana ce, kuma gara a kira ta da sunanta tun daga gida. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021 kuma aka tsara zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, shi ne ake fatan zai kawo tafiya da agogo a wannan hanya. Kafin jirgi ya fara ɗaukar fasinja dai, lissafin nan na sama shi ne a hannu.

Abu ɗaya da ba zai dame ki ba shi ne bambancin agogo: Najeriya da Nijar da Benin da Kamaru da Chadi lokacinsu ɗaya. Masu zuwa Togo da Ghana ne ke mayar da agogo baya da sa'a ɗaya.

Ƙofa biyu, hukuma biyu

Iyaka tana da nata lokacin, kuma ba ruwanta da na tasha. Ƙofa biyu ce, kowace da hukumarta, kuma buɗewar ɗaya ba ta nufin buɗewar ɗayar. Mun ga haka a 2024: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai da takunkumin da ya biyo baya, Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata gefen ranar 13 ga Maris, Nijar kuwa sai ranar 22 ga wata ta buɗe nata. Kafin nan, rufewar da Najeriya ta yi a Agustan 2019 ba rana ɗaya aka ɗage ta ba: Illela da Maigatari an buɗe su a Disamban 2020, Jibiya da Kamba sai Afrilun 2022. Ranar zaɓen shugaban ƙasa a Najeriya ma, kamar 25 ga Fabrairun 2023, akan rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya. Lokacin daina wucewa da dare kuma yana canzawa da yanayin tsaro da umarnin da ya zo daga sama. Don haka maganar wanda ya je bara ba hujja ba ce. Da safe, lokacin da jami'i ke duba takardarki, ki tambaye shi da kanki: "Ranka ya daɗe, yau ƙarfe nawa ake daina wucewa?" Ki yi wannan tambayar a gefen Najeriya, ki sake yin ta a gefen Nijar, ki riƙe wanda ya fi kusa.

Batun takardu kuwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar 1979 ta ƙungiyar ECOWAS, wadda mutanen Nijar ke kira CEDEAO, ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ba biza har kwana 90, amma da sharaɗin takardar tafiya mai aiki da shaidar rigakafi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun kammala ficewa daga ƙungiyar ranar 29 ga Janairun 2025. A ranar ECOWAS ta ce za a ci gaba da karɓar fasfo da katin 'yan ƙasashen uku da barinsu su yi zirga-zirga har sai an sanar da wani abu daban. Sai dai a farkon shekarar Nijar ta tsaurara dokar shigar baƙi da zamansu, kuma jaridu sun ruwaito an mayar da wasu 'yan Najeriya daga iyaka saboda takardu. Gaskiya ne mutanen garuruwan bakin iyaka sun saba wucewa da katin ɗan ƙasa, wasu ma da gaisuwa kawai. Wannan sabo ne da sanayya, kuma jami'in yamma ba dole ne ya zama na safe ba. Mai fasfo ya ɗauki fasfonsa. Katin rigakafin zazzaɓin shawara, mai launin ɗorawa, shi ma a riƙe shi: yana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, don haka kada wani ya ce miki naki ya tsufa. Goyon da ke bayanki ma matafiyi ne. Ki ɗauki takardar haihuwarsa da katin allurarsa. Rashin ɗaya daga cikin waɗannan ba lalle ya hana ki wucewa ba, amma zai ci miki lokaci da kuɗi a daidai wurin da ba ki da rarar ko ɗaya.

Yadda kika shiga kuma haka za ki fita. In an buga miki hatimin shiga Nijar, sai an buga na fita. Wanda ya dawo ta daji don ƙofa ta rufe, fasfonsa yana nuna har yanzu yana can, kuma zai amsa tambaya a tafiya ta gaba.

Kuɗi da waya

A garuruwan iyaka naira tana karɓuwa, amma da farashin da mai karɓa ya ga dama, kuma da dare farashin ɗan canji ba irin na rana ba ne. Ki canza da safe, ki ware sefar dawowa daban, a wani wurin da hannunki ba zai kai ba lokacin liƙi da sayen tsaraba. Abin da nake ba da shawara shi ne kuɗin mota ninki biyu, da na kwana ɗaya, da na abinci. In ba a taɓa su ba, ba asara. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai na yuro, ba ta zubewa a ajiye. Ki kuma kula da ƙirgar mutanen Nijar: da dala suke lissafi, dala ɗaya sefa 5 ce. In direba ya ce "ɗari", sefa 500 yake nufi. Jika ɗaya kuma 1,000. Baƙi da yawa sun yi ciniki sun amince, sai wajen biya rigima ta tashi.

Katin banki da tura kuɗi ta waya kada ki dogara da su bayan kin tsallaka. A Nijar an fi aika kuɗi ta kamfanoni irin su Nita da Amana, kuma wannan yana da amfani in kina da ɗan'uwa a can da zai iya turo miki. Layin waya kuwa, ganin sunan Airtel a ƙasashen biyu ba ya nufin layi ɗaya ne. Sai an buɗe miki damar amfani da shi a waje, an kuma sa kuɗi isasshe. In zuwan naki mai yawa ne, ki mallaki layin Nijar. In ba haka ba, ki rubuta lambobi uku a takarda: ta maigida da 234 a gaba, ta mai masaukinki da 227 a gaba, da ta direban da ya kawo ki. Ki bar wa na gida lambar mai masaukin tun kafin ki fita. Rabin tashin hankalin daren nan naku na rashin labari ne, kuma kira ɗaya daga wayar aro ya isa ya kashe shi. Ko a gefen Najeriya ma sadarwa ba abin lamuni ba ce: a Satumban 2021 an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro, har da Jibiya.

In la'asar ta yi mota ba ta cika ba

Nan ne shawarar ta fi nauyi. Tun daga gida ki yanke wa kanki lokaci: in ƙarfe kaza ta yi ban bar Maraɗi ba, kwana ya kama ni. A hanyar Jibiya ni ƙarfe uku nake gani, uku da rabi in rana tana da tsawo. Amfanin yanke shi tun da safe shi ne, a cikin mota mutum ba ya iya yanke shi. Kin biya, kin zauna, kowane minti goma ana ce miki yanzu za a tashi, kuma tashi daga kujera yana kama da asara. Da haka magariba ke riskar mutane. Kafin ki biya ki tambaya ko za a mayar miki da kuɗinki in kin fasa, a gaban shaida, kuma in da hali ki riƙe kuɗin sai mota ta tayar.

Kafin lokacin ya cika akwai dabara ɗaya mai kyau: sayen kujerun da suka rage. A ce mota mai cin mutum 7 ce, ku 5 ne a ciki. In kuka raba kuɗin kujeru biyu a tsakaninku, kowa zai ƙara kashi 40 cikin 100 na kuɗin motarsa. Wannan ya fi kuɗin masauki da abincin dare sauƙi nesa ba kusa ba. Sau da yawa kowa a motar yana tunanin haka, ana jiran wanda zai fara magana, ki fara. Ku yi cinikin da ɗan kamasho, a kuma amince cewa ba za a tsaya ɗaukar wasu a hanya ba, ko in an ɗauka a rage muku. Ɗaukar shata ma hanya ce in kuna da yawa, amma daga cikin tasha, motar da ƙungiya ta san direbanta.

In lokacin ya wuce, ki sauka ki koma gidan da kika fito. Kwana a Maraɗi cikin dangi ya fi kwana a bakin boda ta kowace fuska, kuma motar asuba ita ce ta fi saurin cika. Kunyar komawa bayan an yi sallama ba ta kai a saka goyo a hanyar dare ba. Yankin Jibiya da Madarunfa da gabashin Sakkwato sun sha fama da 'yan bindiga a shekarun nan, kowa ya sani, kuma direbobin kirki da kansu ba sa son hanyar bayan duhu. Direban da ya fi kowa zaƙuwa ya tafi da dare ba shi ne zan ba amanar iyalina ba.

In kuwa ƙaddara ta kai ki boda an rufe, za a zo miki da tayi: ɗan acaba, ko kabu-kabu a bakin mutanen can, zai ce ya san ɓarauniyar hanya, minti ashirin kin tsallaka. Kada ki karɓa. Hanyar 'yan fasa-ƙwauri ce, jami'an sintiri suna bin ta, ɓarayi ma suna bin ta, kuma cikin duhu babu mai bambance ki da mai fito. Ki tsaya inda haske da jama'a suke, ki gabatar da kanki ga jami'an, ki nemi a haɗa ki da shugaban tasha ko mai unguwa ko liman. Garuruwan iyaka sun saba saukar da baƙi mata. Kuma ko da rana ko da dare, kada ki karɓi saƙon wanda ba ki sani ba don ki tsallaka masa da shi. Abin da aka samu a hannunki naki ne a idon hukuma.

Lokutan shekara ma suna canza lissafi. Da damina ruwa yana yanke hanya ba sanarwa. Gulbin Maraɗi daga gefen Najeriya yake tasowa ya bi ta Jibiya, kuma ambaliyar Jibiya ta Yulin 2018 da ta daminar 2024 a jihar Maraɗi sun nuna abin da yake iyawa. Da azumi direbobi suna son shan ruwa a gida, don haka motar yamma tana ƙarewa da wuri. Da salla kuma a tuna ganin wata na ƙasashen biyu ba koyaushe yake haɗuwa ba: a 2024 Nijar ta yi ƙaramar salla ranar 9 ga Afrilu, Najeriya ranar 10. Wanda ya tsallaka a irin wannan rana yana iya tarar da tasha babu kowa alhali a garinsu ana aiki.

Saura wani jinkirin da ba a tasha yake ba, kuma shi ne mutane ba sa son a faɗa. Gidan biki ba ya sakin baƙo. Kin miƙe za a ce ga abinci nan an sauke, kin ci za a ce ki jira a ɗaura miki tsaraba, sannan ga gwaggo a ɗaya unguwar da za ta yi fushi in ba a leƙa ta ba. Kowanne minti talatin ne, kuma babu wanda za ki iya ƙi ba tare da an ji haushi ba. Maganinsa a faɗi lokacin tafiya tun a gaisuwar isowa, a faɗa wa babbar gidan, da dalilinsa: "Inna, ƙarfe biyu za mu koma saboda boda." Daga nan ita za ta riƙa kora ki da kanta. Gwaggo a fara da ita kafin a shiga gidan taro. Wajen azahar kuma a tura wani yaron gidan a babur ya je tasha ya ga motar da ke kan layi, ya ƙirga waɗanda suka biya, ya kama muku kujeru, ya karɓo lambar ɗan kamasho, domin ku fito a daidai lokacin da lodi ya kusa.